Sai katako ya sha hunturu

Teburin cin abinci ne na mutum shida, kuma shi ne babban aiki na farko da aka biya ni kuɗinsa tun da na mai da zauren gidanmu na Mabera wurin aikin katako. Na kai shi gidan mai shi a ƙarshen watan Satumba na 2019, damina ba ta gama ɗaukewa ba, yana ta sheƙi, in ka ɗora kofi sai ka ga inuwarsa. Cikin Disamba, hunturu ya kankama, Hajiyar da ta saya ta aiko yaro ya kira ni. Muka gaisa, sai ta ɗage ledar da ta shimfiɗa a kai. Saman teburin ya tsage daga baki har kusan tsakiya, tsagar da tsinken tsintsiya zai shige ba tare da an tura shi ba. Ta ce cikin dare suka ji ƙara daga falo, suka fito ba su ga kowa ba, sai da gari ya waye suka ga abin da ya faru.

"Malam, ba hwaɗa nik kira ka in yi ba," in ji ta. "Duba dai ka gani."

Na duba na gani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban san dalili ba. Katakon mai kyau ne, jan katako, ban yi ƙwauron gam ba, ban yi ƙwauron sukuru ba. Na ce mata zan ɗauke shi in sake mata wani saman, ba za ta ƙara ko kwabo ba, amma ta ba ni lokaci in gano inda matsalar take.

Ni malamin firamare ne. Kafinta a shagon kawuna na koye ta, ina yaro, duk hutun makaranta. Aikin kawu rufin kwano ne da ƙofofi da bencin makaranta, kuma a wurinsa na iya awo da yanka da riƙon guduma. Sai dai mai rufin kwano ba ya damuwa ƙwarai da ɗanyen katako: yau a sauke shi daga mota, gobe a hau sama a buga, ya bushe a can, in ya ɗan murɗe silin ya rufe. Shi ya sa na yi shekaru ina taɓa katako ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini akwai ruwa a cikinsa, kuma ruwan nan sai ya fita.

Da na yi niyyar buɗe nawa wurin, ɗaukar adashi na jira. Kuɗin haya ba ni da su, don haka na sa ido a kan zaure. Inna ba ta so ba da farko. Ta ce zaure wurin baƙi ne, nan mahaifinmu yake karɓar gaisuwa, nan almajirai suke fakewa in rana ta take. Muka yi sulhu: gefen gabas nawa, gefen yamma tabarma da buta suna nan yadda suke, kuma ba na taɓa guduma daga azahar zuwa la'asar, lokacin da take kishingiɗa. Har yau a kan wannan sharaɗin nake. Na haɗa bencin aiki da tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, na yi shi da nauyi da gangan don kada ya riƙa rawa in ina goge katako. Kayan aikin kuwa yawancinsu na hannu na saya: zarto biyu, filen ɗaya, kurfi huɗu, guduma, sukwaya, tef, magagari, da dutsen wasa baki. Inji ban saya ba, saboda wuta ba ta da tabbas a layinmu, kuma manyan yanka ana yi mini su a wurin masu injin tsaga katako kafin in kawo gida.

Bayan na ɗauko teburin nan, wani abokin aikina a makaranta ya ce in je wurin wani dattijo masassaƙi da ke kan hanyar Kware. Ba kafinta ba ne, turmi yake sassaƙawa da akushi da muciya, gizago da gatari su ne kayansa. Na ɗaura guntun saman teburin a bayan babur na tafi. Na same shi a gindin dogon yaro, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da ƙotar gizago, ya shinshina tsagar.

"Ɗana, yaushe kas sayi wanga icce?"

Na ce cikin Agusta, Baba.

"Yaushe kay yi aikin?"

Na ce cikin satin da na saya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Iccen Kudu na, ruwan Kudu ag ga cikinai. Ka bar shi shi sha hunturu guda tukuna. In hwashewa za shi yi, shi hwashe inda ka aje shi, kar shi hwashe ɗakin mutane."

Ya tashi ya kai ni wata bukka a bayan gidansa, ya tone tarin ɓawon sassaƙa, sai ga akusa a ciki, an fafe su amma an bar su da kauri, ba a gyara ba. Ya ce tun iccen yana ɗanye yake fafewa don ya fi laushi, sannan ya binne su cikin ɓawon a inuwa su bushe a hankali, sai bayan watanni ya tono ya ƙarasa. Wanda zai tsage ya riga ya tsage a nan, bai ɓata masa aikin gyara ba. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne ga mai tanƙwarawa. Mai haɗa tebur kuwa, ɗanyen icce shi ne abokin gabarsa.

Abin da na fahimta daga baya, da tambaya da kuma gwaji, shi ne wannan. Yawancin falankin da muke saya a Sakkwato daga dazukan Kudu ake kawo shi, inda iska take cike da danshi, kuma sau da yawa ba a daɗe da tsaga shi ba ake loda shi a tirela. Katako kamar soso yake, yana shan danshi daga iska yana kuma saki, har sai ya daidaita da iskar wurin da yake. Iskarmu ta hunturu kuwa busasshiya ce ƙwarai, danshinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, wadda take fasa leɓe da dunduniya. In ruwa ya fita katako sai ya tsuke, amma ba ta kowane ɓangare daidai ba. Ta tsawo kusan ba ya motsi. Ta faɗi yake tsukewa. Ni kuma na haɗa falanki huɗu da gam suka zama fage ɗaya mai faɗi, na ɗaure shi tamau da sukuru a kan firam ɗin da ba ya tsukewa ta wannan fuskar. Da hunturu ya ja ruwan, saman yana son ya tsuke, sukuru sun riƙe shi ta ko'ina, ba shi da inda zai je sai ya yage kansa. Ƙarfin ɗaurin da na yi taƙama da shi, shi ne ya fasa teburin.

A bayan gida, kusa da turken awaki, na kafa rumfa. Rufin kwano, gefe zana. Ga yadda nake jera katako a cikinta tun daga lokacin, kuma a nan ne rabin sana'ar take, ko da yake mai saye ba ya gani. Ina fara jera bulo a ƙasa, in ɗaga katakon kamar ƙafa ɗaya daga turɓaya, saboda gara. Gara ba ta da wasa a unguwarmu, kwana kaɗan ya ishe ta ta gina hanya ta hau, shi ya sa duk safiyar Juma'a nake leƙa ƙarƙashin jerin da tocila. In na shimfiɗa sahu ɗaya na falanki, sai in gitta siraran sanduna busassu a kai, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar ƙafa biyu, sannan sahu na gaba. Sandunan dole su hau kan juna a miƙe daga ƙasa har sama, in ba haka ba nauyi zai lanƙwasa falankin ya bushe a lanƙwashe. Can sama kuma in danne da bulo. Bakin kowane falanki ina shafe shi da ragowar fenti mai kauri, don ta baki ruwa ya fi saurin fita, kuma daga nan tsaga take farawa.

Kuskuren da na ga mutane suna yi, har da ni a shekarar farko, shi ne jingina katako a rana don ya bushe da wuri. A Sakkwato matsalarmu ba rashin bushewa ba ce, saurin bushewa ne. Rana da iska suna busar da fatar katakon ta tsuke alhali cikinsa yana jiƙe, sai fuskar ta yi tsage-tsage kamar ƙasar fadama a bazara. Saboda haka in na sayi sabon katako a bakin hunturu, har buhuna nake ratayawa ta gefen arewa maso gabas, inda iskar take bugowa, in rage mata ƙarfi a makonnin farko, sannan in cire.

Ta yaya za ka san ya bushe? Akwai na'urar da ake soka wa katako ta nuna danshinsa, amma ni sikelin rataye nake amfani da shi. A kowane jeri ina ware guntu ɗaya, in auna nauyinsa duk Juma'a in rubuta a jikinsa da fensir. Makonnin farko nauyin yana zubewa sosai, daga baya ya koma kaɗan-kaɗan. In na ga Juma'a uku a jere bai canza ba, ya daidaita da iskarmu. A rumfata, falanki mai kaurin inci ɗaya da na jera a Oktoba yakan kai haka wajen Fabrairu ko Maris. Mai inci biyu ba na ma sa rai da shi sai shekara ta zagayo.

Saman teburin Hajiya a Maris na 2020 na sake shi. Wannan karon ramukan sukuru na firam ɗin na yi su dogaye, ta yadda saman zai iya tsukewa da rani ya buɗe da damina, sukurun yana zamewa a cikin ramin. Ribar aikin da wani abu daga albashina duk sun tafi. Teburin yana nan a falonta har yanzu, kuma mutum uku daga cikin danginta ta turo mini bayan haka.

Sai dai jiran nan yana da tsada, kuma ban ga laifin kafintan da ba ya yi ba. Kuɗinka ne kwance a rumfa wata biyar, wata shida, ba ya haihuwa, ga cefane kullum. Wanda aka ba aikin kayan ɗakin amarya saura mako uku biki, ina zai ga lokacin jiran hunturu? Dole ya koma ga MDF, garin katako da aka matse da gam, wanda ba ya tsagewa, yana shan fenti ya yi kyau a hoto. Aibinsa sai ranar da ruwa ya kwanta a ɗaki, gindin sif ya kumbura ya fara zubewa kamar burodin da ya jiƙe. Na auna jarina na ga ba zan iya gasa da masu gado da sif ba, kuma zaure ma ba zai ɗauka ba. Sai na koma kan ƙananan abubuwa, waɗanda falanki ɗaya zai fitar da da yawa: tire na shayi, katakon yanka albasa da nama, akwatin turare, 'yar kantar littattafai, kujera 'yar tsugunno, da kujerar Alƙur'ani. Turmi da muciya da akushi ban taɓa su ba. Na masassaƙa ne, sun fi ni iyawa, kuma in mai saye ya tambaya wurin Baba nake tura shi.

Ƙananan kayan sun buɗe mini ƙofar itatuwanmu na gida. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, ya cika garin nan, kuma dangin madaci ne, cikinsa ja-ja, gara ba ta cika son sa ba. Ba na sa a sare mini mai rai. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa saboda hamada, kuma wanda ya taɓa tafiya Illela cikin Afrilu ya san darajar inuwa guda. Abin da nake jira shi ne iskar farkon damina, wadda take karya rassa ta tuge bishiyoyi. Washegari nakan zaga da babur, in na ga wanda ya faɗi a ƙofar gidan wani in yi sallama mu yi ciniki kafin masu itacen girki su faskare shi. Aduwa kuma ita ce iccen allo tun kakanni, tana da ƙarfi da santsi, tawada tana zama a kanta ta kuma wanku. Kirya ta fi ƙarfin zartona, na bar wa masu turmi da maƙera masu gawayi. Malaina tana jinkirin bushewa, amma in ta bushe ba ta cika motsi ba, don haka ita nake yi wa tire. Madobiya, mai kyan ja da baƙin zane, sau biyu kawai na samu. An yi ta kwasarta zuwa Sin har ta yi wuya, aka kai ga dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018.

Kujerar Alƙur'ani ita ce ta riƙe shagon, kuma ita na fi son yi. Wadda nake nufi ita ce mai buɗewa kamar almakashi, a ɗora Alƙur'ani a kai, in an gama a ninke. Ana iya yin ta da katako biyu a haɗa da ƙarfe, amma ta ainihi daga falanki ɗaya ake fitar da ita, ba ƙusa, ba gam, ba a raba ta biyu ba kuma tana buɗewa. Nakan yanki madaci ko dogon yaro mai tsawon inci 18, faɗin inci bakwai da rabi, kaurin inci ɗaya da ɗan ɗori. Wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa nake zana gaɓar, layi biyu a gicciye, in zagaya da su har baya da sukwaya, don in gaba da baya suka saɓa ko da kaurin farce ne ba za ta buɗe ba. Tsakanin layukan in raba faɗin gida biyar. A fuskar gaba, gida na ɗaya da na uku da na biyar ina sassaƙe su da kurfi a karkace daga layin sama zuwa tsakiyar kaurin katakon, na biyu da na huɗu kuma daga layin ƙasa. In na juya baya sai in yi akasin haka. Sannan in huda ƙaramin rami a kan kowane layin da ya raba gidajen, in zura siririn ruwan zarto in tsaga tsakaninsu. Aiki na ƙarshe shi ne mai cin rai: a tsai da falankin a tsaga kaurinsa biyu da zarto, daga sama har gaɓa, a juya daga ƙasa har gaɓa, ba tare da zarton ya karkace ya ɓulla gefe ko ya wuce ya cinye gaɓar ba.

In an yi daidai, za ka ji wata 'yar ƙara, ka sa yatsa ka buɗa a hankali, katako ɗaya ya zama biyu a sarƙe. Huɗu na farko da na gwada duk sun karye a gaɓa. Ta biyar ta buɗe bayan sallar isha'i, ina aiki da fitila mai caji, na shiga da ita cikin gida na nuna wa Inna. Ta karɓa ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, sannan ta ce in bar mata. A kanta take karatu da asuba. Irin wannan gaɓar ita ce ta fi kowace tona asirin ɗanyen katako: in bai bushe ba, fukafukan biyu suna kwamɓarewa bayan an tsaga su, kujerar ta ƙi rufuwa.

Gogewa da shafe ba su da wani sirri sai lura da lokaci. Samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, kullum ta bin tsawon katakon. Banish da hunturu sai da asuba, kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a ƙasan zaure in rufe ƙofa da buhu, in ba haka ba ƙura ta manne ya fito kamar an barbaɗa masa gero. A Afrilu da Mayu kuwa, da zafi yake haura digiri 40, farin gam yana fara kamawa kafin ka gama daidaita gaɓa, don haka duk haɗi kafin hantsi nake yin sa, ranar Asabar da Lahadi. Abin da abinci zai taɓa ba na sa masa banish. Na gwada man gyaɗa, ya yi wari bayan watanni. Yanzu man kaɗanya nake narkawa da kakin zuma in shafa da tsumma, in bar shi ya kwana, in goge.

Sa kuɗi ya fi yanka wuya. Shekarar farko abin da nake yi shi ne in lissafa kuɗin katako da gam da banish in ɗora wani abu a kai. Maiɗakina ce ta zaunar da ni da littafi wata rana ta ce, "Malam, kwana nawa kay yi bisa wagga kujera?" Na ce yini biyu. Ta ce to in leburan gini ya yi yini biyu nawa ake ba shi? Muka lissafa, sai ga shi abin da nake ɗorawa bai kai nasa ba, ban da samfefa da ruwan zarto da man babur da falankin da ya tsage a rumfa, wanda shi ma da kuɗi na saye shi. Tun daga ranar littafin yana hannunta. Kowane abu da shafinsa: kayan da ya ci, yinin da ya ci, da kason asara. Da na ƙara kuɗi wasu sun gudu. Akwai mai ce mini ai a kasuwa ana samun ta roba ko ta waje da rabin wannan. Ba na musu, gaskiya ya faɗa. Nakan miƙa masa kujerar in ce ya nemo mini inda aka haɗa ta. Wanda zai saya yakan saya daga nan.

Bashi kuwa, an ce hanji ne yana cikin kowa, amma ƙaramin shago ba ya ɗaukarsa. Mafi wuya na dangi da abokan aiki, waɗanda ba za ka iya bi ba sai da kunya. Yanzu duk aikin da aka ce in yi na musamman sai an ba da rabi kafin alƙalami, ragowar ranar ɗauka. Sau ɗaya wani ya nuna mini saƙon tura kuɗi a wayarsa, na ba shi tire uku ya tafi, kuɗi ba su shigo ba har yau. Tun daga nan sai na gani a tawa wayar.

Tallan ma maiɗakina ce ta fi ni. Ni na ɗauka in na jera kaya a ƙofar zaure masu wucewa za su tsaya, amma layinmu ba hanyar kasuwa ba ce. Ita ta fara ɗaukar hoto da hantsi, a kan tabarma, jikin katangar ƙasa, ta sa a WhatsApp, matan unguwa da na Islamiyyarsu suna gani suna tambaya. Daga baya muka buɗe shafi a Facebook. Mun lura ciniki yana da lokutansa. Kujerar Alƙur'ani da allo suna tafiya gab da azumi da lokacin saukar karatu, inda makaranta ɗaya za ta nemi ashirin ko talatin don kyautar ɗalibai. Tire da akwatin turare kuma na lokacin bukukuwa ne, iyayen amarya suke saye. Wanda yake son ya sami na sayarwa a Sha'aban, tun hunturun bara ya kamata katakonsa ya hau bulo.

Shekarar 2023 ta girgiza mu. Farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, masu sayar mini da icce a ƙauye ba su da asusun banki, ni kuma ba ni da tsaba. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin tirela daga Kudu ya bi ta, falanki ya bi tirela, masu injin tsaga da ke aiki da janareta su ma suka ƙara. Cikin Agusta aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin can, wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar mini kujeru zuwa Ƙonni ta Illela ya daina zuwa. Abin da ya tsirar da ni shi ne jerin katakon da na saya da tsohon farashi yana kwance a rumfa, da kuma kasancewar aikina na hannu ne, ba ya shan fetur. Wata bakwai ban sayi sabon falanki ba.

Aika kaya nesa ya koya mini ɗaya gefen darasin Baba. Birnin Kabi da Gusau da Kano ba matsala, in naɗe da kwali da tsumma in kai tasha in ba direba, in tura wa mai kaya lambar motar. Amma wata mata ta sayi akwatin turare mai aljihu ta tafi da shi Legas, bayan wata biyu ta kira ta ce aljihun ya ƙi jawuwa. Katakon da ya bushe ƙayau a iskar Sakkwato ya je ya sha danshin bakin teku ya kumbura. Na ce ta goge gefen da samfefa kaɗan ta shafa kyandir, ya buɗe. Yanzu kafin in fara aikin da yake da aljihu ko murfi nakan tambayi inda za a kai shi. In Kudu ne ina barin sarari kamar kaurin katin waya a kowane gefe. In kuma cikin hunturu nake haɗawa, ko a nan garin zai zauna ina barin wani abu, don damina tana tafe.

Yara biyu nake da su a zaure yanzu, ɗan yayata da wani ɗan maƙwabta, suna zuwa bayan Islamiyya. Wata uku na farko ban ba su zarto ba. Wasa bakin kurfi suke yi, da jera katako, da auna guntun Juma'a su rubuta. Ƙaramin ya taɓa tambayata yaushe za a fara koya musu kafinta, na ce ai an fara. Ina sa su ɗaura ƙyalle a hanci in ana gogewa, saboda ƙurar madaci tana sa tari da atishawa.

Makon jiya wani Alhaji ya zo da hoton tebur a wayarsa, irin na mutum takwas, yana so kafin ƙaramar Sallah. Na kai shi bayan gida na nuna masa jerin da zai yi masa aikin, falanki shida masu inci ɗaya da rabi da na jera a Nuwamba. Na ciro guntun awo na nuna masa rubutun fensir: Juma'ar da ta wuce ya ragu, wadda ta gabace ta ma ya ragu. Na ce Alhaji, bai tsaya ba tukuna, in ka yarda sai bayan babbar Sallah, in kuma kana sauri zan nuna maka wanda zai yi maka da MDF cikin kwana goma, kuma aikinsa mai kyau ne. Ya juya guntun a hannunsa, ya ce zai yi shawara da uwargida. Na raka shi bakin mota, na dawo na mai da guntun wurinsa, na gyara buhun da iska ta ɗage.